Rinin ɗauri a bokiti: abin da aka gyara da abin da aka bari

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Aikin shi ne a rina ƙyalle 36 na auduga da shuni, kowanne santimita 40 a tsawo, 40 a faɗi, kowanne da irin ɗaurinsa, daga baya a haɗe su shida-shida a sami zanin gado. A bokiti za a yi, a tsakar gida nan Kano, duk ranar da aka sami sarari.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya tun ba a sayi komai ba: duk ƙyallen da aka ba lamba ya shiga ruwan rini, to zai shiga zanin gadon, ya yi kyau ko bai yi ba. Halin shuni ne ya jawo wannan sharaɗi. Gaba kawai yake yi, daga fari zuwa shuɗi, daga shuɗi zuwa baƙi-baƙi. Wurin da ya yi haske ana iya ƙara tsoma shi, amma farin da ruwa ya riga ya ci ba ya dawowa. Wanda ya ce sai kowane ƙyalle ya fito yadda ya zana shi a ransa, yadi zai ƙare masa bai haɗa layi ɗaya ba.

Sayayya: farin yadin auduga yadi 8, ₦13,600; hodar shuni giram 100, ₦5,500; sodar yin sabulu rabin kilo, ₦1,500; hodar da masu sayar da kayan rini ke kira haidiro, rabin kilo, ₦3,500; bokitin roba mai murfi na lita 20, ₦3,000; safar hannu doguwa, ₦1,500; zare mai kauri da allurai, ₦1,200; ƙaramin sikeli mai auna giram, ₦6,000. Jimilla ₦35,800.

Shunin na kanti ne, irin wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara fitarwa kasuwa a 1897. Sinadarin launinsa ɗaya ne da na ganyen baba. Inda suka rabu shi ne wajen tayar da ruwan: ramin karofi da aka zuba wa baba da toka da katsi sai ya yi kwanaki yana ruɓa kafin ya tashi, na bokiti kuwa awa ɗaya ta ishe shi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An dafa yadin awa ɗaya da rabi a tukunyar ƙarfe, da sabulu da ruwan farar kanwa da aka jiƙa aka tace. Sabon yadi yana zuwa da sitaci da maiƙo daga masaƙa, kuma duk inda suka saura shuni ba ya kamawa. Ruwan dafuwar ya fito ruwan ƙasa. Yadda ake gane ya wanku: a ɗiga ruwa a kan busasshen yadin, in ya nutse nan take shi ke nan, in ya tsaya a dunƙule sai a sake dafawa.

Ya tsuke da kusan santimita 35, shi ya sa ba a yanka sai bayan wanki. An sami ƙyalle 34. An ware 4 na gwaji, saura 30 an ɗinka wa kowanne lambarsa a kusurwa da baƙin zare.

Talata, 5 ga Nuwamba

An haɗa ruwan rini. Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai ruwan ya sami soda, haidiro kuma ya kwashe iskar oksijin da ke ciki, sannan ya narke ya koma kore-kore mai ruwan ɗorawa ya shiga cikin zaren. Idan aka fito da ƙyallen iska ta buge shi, sai ya koma shuɗin da ba ya narkewa, ya maƙale a ciki.

Na lita 15: shuni giram 30, soda giram 30, haidiro giram 50. An zuba shunin a kwalba da ruwan ɗumi kaɗan da tsakuwa biyar, aka girgiza minti biyar har ya zama kwaɓi marar gudaji. An narkar da sodar daban a ruwan sanyi rabin lita. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana ɗaukar zafi ta yi tsartuwa. Ba a kuma kusantar da ita da tukunyar alminiyam, cinye ta take yi. An haɗa biyun, aka barbaɗa haidiro giram 40, aka rufe, aka tsayar da kwalbar cikin ruwan zafi na kimanin digiri 50 na tsawon minti 45. Sauran giram 10 an zuba su a ruwan bokitin tun da wuri. Daga nan aka nutsa bakin kwalbar ƙarƙashin ruwa aka juye a hankali, don kada iska ta bi.

Alamar ya yi: sama ta yi yana mai ƙyallin tagulla da kumfa shuɗiya, ƙasa kuma in an ɗebo a farin cokalin roba a ga kore mai ruwan ɗorawa, garau.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Lamba 1 zuwa 4, ɗaurin tsakuwa. Ana sa tsakuwa ƙarƙashin yadi, a tattaro, a naɗe wuyanta da zare sau takwas zuwa goma. An jiƙa su a ruwa minti 20 kafin tsomawa. Tsomawa minti 3, shan iska minti 15, sau huɗu.

Zoben lamba 2 ba su yi girma ɗaya ba, domin tsakuwar ba girmanta ɗaya ba. Layin lamba 4 ya karkace wajen tsakiya. An bar su. Abin lura kuma, jiƙaƙƙen ƙyalle ya fi busasshe duhu sosai, saboda haka ba a cewa launi ya kai sai ya bushe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Lamba 5 zuwa 7. An maye tsakuwa da wake, zobe sun daidaita. An ƙara haidiro giram 5.

Talata, 12 ga Nuwamba

Lamba 8, 9 da 10 sun fito dabbare-dabbare, kuma abin ba iri ɗaya ba ne. Lamba 8 tana da baƙaƙen ɗigo masu gogewa a hannu: ƙyallen ya sauka ƙasan bokiti ya kwashi shunin da ya kwanta. Lamba 9 tana da fararen wurare masu gefe a zagaye a cikin ninki, wato iska ce ta maƙale ruwa bai shiga ba. Lamba 10 kuwa ɗauri ne ya yi sako-sako a kusurwa ɗaya, zobe shida suka fito shuɗi-shuɗi maimakon fari.

Daga nan aka kasa aibi gida uku a littafin aiki, don kowanne da abin da ake yi masa.

Akwai aibin ruwa: launi bai kama ba, ko yana zuba, ko yana gogewa. Wannan ba a yafe shi, domin zai bi duk ƙyallen da ya zo baya, ya kuma ɓata tufafin wanda ya kwanta a kai. Ana tsayar da aiki a gyara bokitin. Akwai aibin shiri: rashin jiƙawa, iska a ninki, taɓa ƙasan bokiti, kumfa a jikin yadi. Wannan a ƙyalle na gaba ake gyara shi, wanda ya riga ya samu a bar masa abinsa. Sai aibin hannu: tazara ta bambanta, layi ya karkace, ɗauri ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Wannan rubuta shi kawai ake yi a wuce. Babu abin da ke rage shi sai yawan ɗauri, kuma duk lokacin da aka ɓatar a kan tsohon ƙyalle daga na sabon ɗauri aka cire shi.

Gyaran da aka yi: an kifa kwandon roba a ƙasan bokiti ya tare ƙyalle daga laka, ana ture kumfa gefe kafin tsomawa, ana kuma murza ƙyallen a hankali a ƙarƙashin ruwa. An wanke lamba 8 da sabulu sau uku, ɗigon suka dushe, ba su tafi duka ba.

Ma'aunin kammalawa biyu ne. A goga busasshen farin ƙyalle a jiki sau goma, in bai ɗauko launi a fili ba an wuce na farko. A rataye a ja da baya taku uku, in an gane salon da aka nufa an wuce na biyu. Abin da sai an kai hanci kusa ake ganinsa ba ya cikin lissafi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An shiga ɗinki-da-ja, lamba 11 zuwa 13. Shi ne salon da masu adire, wato rinin shuni na Yarabawa, a Abeokuta ke kira alabere. Ana zana layi da fensir, a bi shi da ɗinkin tsallake mai tazarar milimita 5, zare ninki biyu, a ja har yadin ya tattare ya yi tauri, a ƙulle.

Lamba 11 ta yi daidai. A lamba 12 ƙulli uku sun zame ta ramin allura lokacin murzawa, layuka uku suka buɗe, shuni ya cinye su. Inda aka so ganin layi tara, shida ne suka fito, da gurbi mai faɗi a tsakiya. Lamba 13 kuma an ja ta a bushe, da ta jiƙe sai zaren ya saki, farin ya fito dishi-dishi.

Maganin na farko: a sa ɗan tsumma a bakin kowane layi, ƙulli ya zauna a kansa. Na biyu: a ja, a yayyafa ruwa, a sake ja, sannan a ƙulle. Idan farce yana iya shiga tsakanin tattarar, ja bai kai ba.

Ana iya sake ɗinke lamba 12 a ƙara tsomawa, amma abin da zai fito shi ne layi mai shuɗi a kan shuɗi mafi duhu, fari dai babu. Awa biyu na ɗinki ke nan don sakamakon da bai kai na sabon ƙyalle ba. Ta tafi cikin tarin waɗanda aka gama.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An ɗauki ƙyallen gwaji biyu aka rina su, don a ga ko bilic zai iya dawo da farin layi, tunda shawarar da kowa ke bayarwa ke nan. An surka bilic kashi ɗaya da ruwa kashi biyar, aka ja layi da tsinke mai auduga.

Yana cire shuni, babu musu. Sai dai layin da aka ja na milimita 3 ya bazu ya kai kusan 8, gefensa ya yi toka-toka, tsakiyarsa fari mai ratsin rawaya, bai yi kama da farin ɗauri ba ko daga nesa. Farin ɗauri yana da ƙananan haƙora inda tattara ta matse, na bilic sumul yake. A ƙyalle na biyu da aka bar bilic minti goma, zaren ya yi rauni har ya yage da ja kaɗan bayan ya bushe. A ganina wannan ya rufe maganar. Kuskuren ɗauri a idon mai kallo rini ne, wurin da bilic ya taɓa kuwa ɓarna ce ƙarara. Bilic ₦600.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Lamba 14 zuwa 18, ɗinki-da-ja da tsumma a bakin layi. Ƙulli bai zame ba ko ɗaya. An ƙara shuni giram 10 da soda giram 5, an tayar da su a kwalba kamar na farko.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Lamba 19 zuwa 21, ninki da matsewa tsakanin katako biyu. Ƙyallen da aka ninka sau takwas, ruwa bai kai ninkin ciki ba, sai rabi ya yi duhu rabi ya yi fari da yawa. A yadi mai wannan kauri kada ninki ya wuce shida, kuma a riƙa buɗe bakin kowane ninki da yatsa a cikin ruwa, a sake buɗe shi wajen shan iska.

An fito da lamba 4 da 10 aka rataye su tare da sababbin. Karkacewar lamba 4 da ta tsone ido ranar farko yanzu sai an nema. Don haka aka ƙara doka a littafi: ranar da aka warware ƙyalle ba a yanke masa hukunci. A ranar, hoton da aka ƙudura yana nan sabo a ka, da shi ido ke gwada ƙyallen. Bayan mako guda hoton ya dushe, ƙyallen kaɗai ake gani.

Laraba, 4 ga Disamba

Hunturu ya sauka. Da safe ruwan bokiti ya yi sanyi ƙalau, ya koma shuɗi mai duhu har ƙasa, babu kore, yanar sama ta mutu. Ƙyallen gwaji ya fito da launi, aka ɗauraye, kusan duka ya bi ruwa. Wannan aibin ruwa ne, don haka ba a tsoma mai lamba ba.

Sanyi yana rage wa haidiro kuzari, iskar da ta shiga wajen aikin Asabar kuma ta mayar da shunin yadda yake tun farko. Ramukan rini na Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ake danganta kafuwarsu da 1498, zurfinsu cikin ƙasa yana tsare ruwansu daga saurin sauyin zafi. Bokitin roba a kan siminti ba shi da wannan gata. An tsayar da shi cikin babban baho na ruwan zafi har ya yi ɗumi, aka barbaɗa haidiro giram 15, aka juya sau uku a hankali, aka rufe, aka lulluɓe da tsohon bargo. Kada zafin ya wuce digiri 60, haidiro lalacewa yake yi. Shi kansa garin a riƙa rufe shi ruf a busasshen wuri, domin in danshi ya taɓa shi yana ɗaukar zafi, har yana iya kamawa da wuta.

Juma'a, 6 ga Disamba

Ruwan ya tashi, amma ya zarce. Ya yi rawaya fes, babu koren nan. Lamba 22 da 23 an tsoma su sau shida, launinsu bai wuce na sau biyu ba. Idan haidiro ya yi yawa, kowace tsomawa tana narkar da shunin da ta baya ta ajiye, sai a yi ta aiki wuri ɗaya. Giram 15 ya yi wa ruwan da shuninsa ya ragu yawa, 8 zai isa.

An kaɗa ruwan da sanda kusan minti ɗaya don iska ta shiga ta cinye rarar, aka bar shi ya kwana. Lamba 22 da 23 launinsu ya zauna, ba ya gogewa, salon ya fito. Shuɗin sararin sama ne maimakon mai duhu. Sun ci ma'auni biyun, an warware su a haka.

Talata, 10 ga Disamba

Lamba 24 zuwa 27. Ruwa ya daidaita. Ana aiki tsakanin ƙarfe 11 da 3 saboda ɗumi. Iskar hunturu tana busar da gefen ƙyalle tun kafin a sake tsomawa, gefen sai ya fi duhu, ga ƙura. An mayar da shan iska cikin zaure, a inuwa.

Lahadi, 15 ga Disamba

Lamba 28 zuwa 30. Wajen yanke zaren lamba 29 reza ta kama yadin, ta yi huda mai tsawon santimita ɗaya da rabi, kusa da tsakiya. Jiƙaƙƙen yadi da jiƙaƙƙen zare launinsu ɗaya, taurinsu ɗaya, ba a bambance su. A bari ƙyalle ya bushe kafin warwarewa, a yanke ƙulli ɗaya kawai a bakin tsumma a zare sauran. An sayo abin farke ɗinki irin na teloli, ₦500.

Huda ba ta cikin abin da ake bari, don wanki zai faɗaɗa ta. An yanko faci daga ƙyallen gwaji aka sa ta baya, aka bi da ƙananan ɗinki da zaren da aka rina a bokitin. Ana ganin wurin, ba a kuma yi ƙoƙarin ɓoye shi ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Yadin farko ya ƙare, an ƙaro yadi 2 a ₦3,000. An dafa, an ɗaure, an tsoma lamba 31 da 32 sau biyar, suka fito shuɗi mai toka-toka, da ƙananan fararen zare ko'ina. Yadin gauraye ne da zaren roba, shi kuwa ba ya shan shuni, audugar da ke ciki kaɗai ta kama.

Gwajin da ke tona wannan a minti ɗaya: a zare zare kaɗan a kusanta da ashana. Auduga tana ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba yana narkewa ya dunƙule ya bar ƙwallo mai tauri, da baƙin hayaƙi. A yi shi a gaban mai kaya kafin a yanka.

Lamba 31 da 32 sun riga sun sami lamba, launinsu bai zuba ba, za su shiga. Ragowar yadin an ajiye shi don shara da tace ruwa. An sayo yadi 1 na auduga zalla, ₦1,800.

Talata, 24 ga Disamba

Lamba 33 zuwa 36, ɗaurin wake haɗe da ɗinki. An gama rini.

Asabar, 28 ga Disamba

An jiƙa duka minti 15 a ruwa lita 10 da ruwan khal rabin kofi don kashe ragowar soda, aka wanke da sabulu a ruwan zafi, aka ɗauraye har ruwa ya fita garau. An shanya a inuwa, an goge.

An shimfiɗa su a tabarma. Guda 11 sun fito yadda aka tsara, 19 sun kauce kaɗan, 6 aibinsu a fili yake: 9, 12, 20, 29, 31 da 32. Jerin farko an tura shidan nan gefe-gefe, sai zanin ya yi kyau a tsakiya ya lalace a baki, ido kuma ya tafi kai tsaye can. An sake jeri. Abin da ya yi aiki shi ne kada ƙyalle mai aibi ya zauna kusa da ɗan'uwansa mai salo iri ɗaya da ya fito daidai. Lamba 12 kusa da 11 kowa zai ƙirga layukan da suka ɓace. Da aka sa ta tsakanin masu zobe, sai ta zama ƙyalle mai layi shida da fili a tsakiya. Masu haske huɗu, 22, 23, 31 da 32, an raba su nesa da juna, ɗaya a kowane kwata na zanin, suka sassauta duhun da ya yi yawa. Ba don su ba da zanin ya yi nauyi a ido.

Lamba 20 ce kaɗai har yanzu ba ta zauna ba, ko ina aka kai ta farinta ya yi yawa. Ta sami layi na biyar, gida na biyu.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

An kai wa tela, da lamba a jikin kowane layi da hoton jerin a waya. Ɗinki mai ninke baki ciki za a yi, santimita ɗaya da rabi kowane gefe, don kada a bukaci shafi ta baya. Zai fito kusan mita 2.2 ko'ina. Wasu ƙyallen sun ɗan karkace saboda ja, an ce ya daidaita kusurwa da kusurwa, kada ya yanke don su miƙe.

Ƙarin kashe kuɗi tun daga 2 ga Nuwamba: yadi ₦4,800, bilic ₦600, gawayi ₦2,500, khal ₦1,200, abin farke ɗinki ₦500. Jimilla zuwa yau ₦45,400, ban da kuɗin tela. Shuni ya rage giram 60, soda da haidiro sun rage fiye da rabi.

Zango na gaba zai fara tsakiyar wata: ƙyalle 12, duka ɗinki-da-ja, salo ɗaya tak, layi tara masu lanƙwasa, don a ga yadda tazara da ƙarfin ja ke sauyawa daga na farko zuwa na ƙarshe. Za a haɗa sabon ruwa mai shuni giram 20 a lita 15, a riƙa tsomawa sau shida zuwa takwas na minti biyu-biyu, tunda ruwa marar kauri da yawan tsomawa ya fi ba da launi mai daidaito da ba ya gogewa. Kafin nan ana bukatar ma'aunin zafi, da yadi 3 da aka gwada da ashana.